Sifili Ɗari Shida da Firijin Belel

Ƙas. Daga wannan 'yar ƙara na shiga sana'ar nan. Akwatin cajin batir na sola ne da maigidana ya haɗa ya ajiye a lungun kicin, kusa da inda nake tankaɗe. Aikinsa ya yanke caji idan batir ya cika. Yakan yi ƙas ɗinsa ya yi shiru. Amma na lura duk sa'ad da girgije ya gitta ta gaban rana, sai ya yi ƙas-ƙas a jere kamar mai shakka. Na faɗa wa maigida muna cin tuwo, ba don na ɗauki abin da muhimmanci ba. Ya tsame hannu daga kwano ya dube ni. Washegari ya zo da ubangidansa a sana'a, Baba Modu, wani dattijo ɗan Borno da ya daɗe a Mubi yana gyaran rediyo da inbata. Baba Modu ya tsuguna a ƙofar kicin har girgije ya zo, ya ji da kunnensa, sannan ya ce, "Amarya ta yi makaranta?" Maigida ya ce na gama sakandare. Ya ce, "To a ba ta kujera."

Ku da kuke zuwa gidana yanzu da kwamfutocinku kuna cewa, "Mama, wannan ai danne-danne ne kawai," ku saurara. Abin da Baba Modu ya koya mini shi ake kira asembili, wato yi wa cip, 'yar ƙwaƙwalwar na'ura, magana da harshensa, umarni ɗaya bayan ɗaya. Ɗauko wannan, ajiye a can, kwatanta, in ya fi ka koma baya. Ba wanda zai yi maka shara, ba wanda zai rufe maka ƙofa. Kayan aikina ba su da yawa: tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen murfi, kebul ɗin zuba shiri a cip, mita, ƙarfen narka dalma, da hantsakin cire gira da na mayar na ɗaukar cip. Teburina yana tsakanin kicin da ɗaki, don in riƙa jin ƙamshin miya kafin ta kama. Nakan rubuta layi goma in tashi in juya tukunya, in dawo in tarar na manta abin da na ajiye a wane gurbi. Baba Modu ba ya duka, ba ya tsawa. In na yi kuskure sai ya ce, "Karanta mini da ƙarfi," in yi ta karantawa har in ji kunyar kaina a daidai layin.

Aikin farko da aka bar ni na yi ni kaɗai na wani mai gona ne a hanyar Maiha, famfon rijiya da yake so ya riƙa tsayawa in tanki ya cika. A nan na fara sanin cewa cip ɗaki biyu gare shi. Akwai filash, inda shirin da ka rubuta yake zama ko wuta ta ɗauke. Akwai ram, inda cip yake baza kayansa yana aiki, wanda ba ya riƙe komai in an kashe. Fayil ɗin da ka haɗa a kwamfuta filash yake shiga, kuma in ya fi filash girma ko da bayit ɗaya ne, wato gurbin harafi ɗaya, ba zai shiga ba. Ba a lallashi, ba a turawa da gwiwa kamar buhu a bayan mota.

Akwai wata ɗabi'a ta Baba Modu da ya dasa mana ni da maigida. Duk wurin da shiri zai riƙa ajiye lissafi a cikin ram, sai ya rubuta masa sifili tun a cikin fayil, a sashen da ake kira data. In gurbi ɗari ne, sifili ɗari. Dalilinsa wani aiki ne da ya taɓa yi wa wata mata a Michika, injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ya keɓe wuri a ram bai sa masa komai ba. Aka ɗauke wuta aka dawo da ita, cip ya tarar da tarkace a wurin, ya ɗauka lissafin gaskiya ne, ya yi ta ƙara zafi har ƙwan matar suka dahu. Tun daga ranar yake cewa, "Ki rubuta sifilinki da hannunki, kar ki bar wa cip ya zaɓa." Mun bi wannan shekara da shekaru, don cip ɗin da muke saye masu faɗin filash ne, ba mu taɓa jin matsi ba. Allah ya ji ƙan Baba Modu, ya rasu kafin tashin hankalin da ya kore mu daga gari.

Aikin da nake so in ba ku labarinsa na firij ne, a shekarar da muka dawo daga gudun hijira. Mun tarar da shagon maigida a buɗe, ba ko waya ɗaya. Kwamfutar da kebul sun tsira ne don na gudu da su a cikin bokiti a ƙarƙashin zannuwa. A kicin kuma na tarar da wani gwangwanin madara da na taɓa zuba ƙananan cip a ciki, irin waɗanda muka raina saboda ƙarancin filash ɗinsu. Maigida kuwa yanar ido ta rufe masa gani, inuwa kawai yake gani. Hanyar kawo kaya daga Kano ta mutu. Abin da ke cikin gwangwanin nan shi ne duk jarinmu.

Yayana, Hamma Sali, yana zaune a Belel kusa da iyaka. 'Yarsa Dudu, yarinya 'yar shekara bakwai, tana da ciwon suga, kullum sai an yi mata allura. Maganin ba ya son zafi, kuma in ya daskare ya lalace ke nan, ko da ido bai ga canji ba. Tun kafin gudu mun haɗa masa ƙaramin firij mai sola, da allo mai cip da ke auna sanyi, ya kunna kwamfireso, wato injin sanyin, ya kashe. Hamma ya sha wahala ya samo kwalaben da za su kai ta watanni, don zuwa Yola a lokacin ba abin wasa ba ne. Sai hadarin farko ya zo a tsakiyar zafin bazara, tsawa ta faɗi kusa da gidansa, firij ya yi shiru.

Sai Hamma ya hau tudu yake samun sabis ɗin waya. Maigida ya sa shi ya taɓa nan ya taɓa can ta waya, aka gane komai na allon lafiya, cip ɗin ne ya ƙone.

Hamma ya ce, "Kwalaben suna cikin randa, na zuba jiƙaƙƙen yashi. Amma Mairo, ruwan randar ma ɗumi yake yi. Akwai mai gyaran babur a nan, ya ce in haɗa wayar kai tsaye firij zai tashi."

Na ce, "Zai tashi amma ba zai tsaya ba. Sai ya mayar da maganin ƙanƙara. Hamma, don girman Allah kar ka haɗa."

"To in zauna ina kallonta? Jiya har ta fara yawan shan ruwan nan. In ranar kasuwa ta zo ba ki iso ba, ni dai zan haɗa, Allah ya yi yadda ya so."

Waya ta yanke.

Muna da wani tsohon allo a gida mai babban cip liƙe a jikinsa da dalma, da akwatinsa da wayoyinsa da ɗan batir. Maigida ya ce a kai wannan a musanya. Na kira Buba, direban da ke bin hanyar, ya zo ya leƙa akwatin ya ja da baya har yana tuntuɓe da buta. Ya ce, "Adda, mace da hijabi, da akwati mai wayoyi da batir, a hanyar nan, a wannan shekara? Ko ke kika haife ni ba zan ɗauka ba. Kafin ki buɗe baki ki yi bayani an gama da mu duka, har da mota." Gaskiya ya faɗa. A lokacin ko ƙunshin goro mace ta riƙe sai an sa ta ta kwance daga nesa.

Ya rage abin da zai iya zuwa Belel shi ne cip tsirara, wanda bai kai ɗan yatsa tsawo ba, in cire ƙonannen in dasa shi a gurbinsa. Na gwangwani ƙafafunsu ɗaya da wanda ya ƙone. Bambancin kawai filash. Na yi bisimilla na haɗa fayil, na gwada zubawa. Kwamfuta ta ƙi. Filash ɗin bayit dubu takwas da ɗari ɗaya da casa'in da biyu yake ɗauka, fayil ɗina ya haura da kusan ɗari biyar.

Na wuni ina aske shirin. Na cire ƙyaftawar fitila, na gajarta nan, na haɗe can. Abin da na samu bai kai rabin abin da nake nema ba, kuma sauran duk abin da ran yarinya ya rataya a kai ne. Na yi sallar la'asar na zauna a kan darduma ban tashi ba. Daga nan ina hangen tsakar gida, inda maƙwabciyata ta jera jarkokin manja babu komai ciki, tana faɗa da ɗan acaɓa a kan ba za su ɗauku ba. Yana ce mata, "Hajiya, ba nauyi ba ne, wuri ne. Ki kira can su tanadar miki jarka mana, me zai sa ki yi dakon iska?"

Na tashi na koma teburi. A cikin shirin akwai wani jeri mai gurbi ɗari shida, inda cip yake ajiye awon sanyi na baya don kar buɗe ƙofar firij kaɗai ya ruɗe shi. Bisa koyarwar Baba Modu, sifili ɗari shida ne kwance a cikin fayil. Kowane sifili bayit ne, kowane yana cin wuri a filash, don kawai cip ya kwafe shi zuwa ram in ya tashi. Jarkoki ne babu komai ciki. Akwai kuwa wani sashe da ake kira bss, inda ba ka ba da ƙima, sai dai ka ce a keɓe maka wuri kaza a ram. Fayil ba ya ɗaukar komai nasa. Na san da shi a karatu, ban taɓa amfani da shi ba. Na mayar da jerin can, na sake haɗawa. Fayil ya faɗo ƙasa da dubu takwas.

Na karanta wa maigida lambar. Ya ce, "Me kika yanke?"

"Ban yanke komai ba. Sifilin na cire."

"Sifilin Baba?" Ya miƙe zaune. "Mairo, kin manta ƙwan Michika? Wancan ƙwai ne. Wannan Dudu ce."

"Zan sa shi ya share wurin da kansa in ya tashi, kafin ya taɓa komai. Layi kaɗan ne."

"In sharar ta tsallake gurbi ɗaya fa? Ke za ki je ki gaya wa Sali?"

Na ce sai mun gwada mu gani. Na aika aka sayo ƙanƙara. Muka ɗaura ƙwan fitila a madadin kwamfireso, maigida ya kewaye shi da tafin hannu don ya ji ɗuminsa tunda ba ya gani sosai. Na fara cika ram da tarkace da gangan, sannan na zuba shirin ba tare da sharar ba, don mu ga abin da muke tsoro da idonmu. Na tsoma ma'aunin sanyin allon a ruwan ƙanƙara. Ya kamata fitila ta mutu. Ba ta mutu ba. Ƙanƙara tana narkewa, yatsuna sun ƙage, fitila tana ci. Cip ya karanta tarkacen ya ɗauka firij yana cikin zafi tun safe. Maigida ya ce, "Inna lillahi," a hankali, bai janye hannunsa ba har ya fara ƙuna.

Sai na saka sharar. Ɗan zagaye ne: fara daga gurbin farko, sa sifili, matsa gaba, har ƙarshe. Bai ci bayit ashirin ba. Maigida ya sa na karanta masa da ƙarfi, ya sa na sake, yana ƙirga iyakar jerin da yatsunsa. Muka sake zuba tarkace, muka sake gwadawa. Na tsoma ma'auni, fitila ta mutu. Na ciro na riƙe a hannu, ta kama. Muka yi ta kashewa muna kunnawa, da sauri da a hankali, har ƙanƙarar ta ƙare.

Ga abin da nake so ku riƙe, ku masu murna in fayil ya ragu. Raguwar fayil ba ta rage abin da shiri zai ci a ram ba. Gurbi ɗari shidan nan suna nan, sai dai fayil ya daina nuna su. Kwamfuta ba za ta gargaɗe ka ba, cip zai karɓa lafiya, sai yana cikin aiki kaya su hau kan juna. Na ɗauki fensir na lissafa ram ɗin ƙaramin cip, bayit dubu da ashirin da huɗu, na cire jerin, na cire sauran, na ga akwai sarari. Sannan na zuba shirin a cip biyu.

Tafiyar ranar kasuwa ce. Maigida ya ce kar in ɓoye su a jaka ko a ɗaurin zane, in riƙe a fili. Na soka ƙafafunsu a ɗan soso na ɗora a tafin hannu tun daga tasha. Matar da ke kusa da ni ta leƙa, ta matsa har ta kusa hawa cinyar ta gefenta. Bayan Maiha muka iso shinge. Kowa ya sauka, mata a layi ɗaya, hannu sama, ana tafiya ɗaya bayan ɗaya. Mai tsaron da ke gabanmu saurayi ne, da bindiga, leɓensa a bushe, Hausarsa ta bariki.

"Madam, tsaya can! Mene a hannunka?"

"Ƙwaƙwalwar firij ce, ranka ya daɗe. Na maganin yarinya."

"Ajiye ƙasa. Koma baya. Baya!"

Na ajiye a kan ƙasa mai zafi na koma. Layin ya watse, na ji wata tana salati a bayana, Buba yana cewa, "Oga, na san ta, matar mai gyara ce," ba wanda ya kula shi. Ina karanta duk abin da ya zo bakina. Saurayin ya sa dogon kara ya juya soson. Ya ce, "Ba waya? Ba batir?" Na ce babu. Ya kira wani babba, suka yi magana. Babban ya ɗauki dutse ya ɗora cip ɗaya a kan kwalta ya buga. Ya rabe biyu. Suka duba, baƙin abu ne kawai da ɗan ƙyalli a tsakiya. Ya ɗaga dutsen kuma, ya dubi na biyun, ya dube ni. Ban san me ya gani ba. Ya yar da dutsen ya ce, "Ɗauka ka wuce."

Ban riƙe su da komai ba. Su ma iyayensu suna jiran su. Na ɗauki wanda ya rage, na ga karan ya lanƙwasa masa ƙafa biyu.

Na iso gidan Hamma rana ta take. Na tarar ya riga ya feƙe wayoyin, ga su a kan firij suna jiran a murɗa. Inna Dudu, matarsa, ta riƙe hannuna ta shigar da ni. Dudu tana kwance a tabarma a ƙarƙashin rumfa da kofin ruwa kusa da ita. Na wanke hannu, na ciro hantsakina. Ƙafar cip ba ta jure lanƙwasa sau da yawa, in ta karye shi ke nan, kuma babu wani. Na miƙe ta farko. Na miƙe ta biyu ina jin tana laushi a bakin hantsaki. Na cire ƙonannen, na duba alamar kai don kar in dasa a juye, na yi bisimilla na danna.

Kwamfireso ya tashi. Hamma ya ce, "Alhamdu lillahi! Kawo kwalaben!" Na ce a'a. Tashi ba shi ne abin ba, ko wayarsa ma za ta tayar da shi. Na sa kofin ruwa da ma'aunin zafi a ciki na rufe. Muka yi azahar yana ruri. Aka kawo abinci ban iya ci ba. Ina buɗewa kaɗan ina leƙa ma'aunin, yana sauka, yana sauka, ya shigo inda ake so, kwamfireso bai tsaya ba. Hamma yana tsaye a kaina yana cewa, "Ya wuce ne? Mairo, ya wuce?" Na ɗora tafin hannu a jikin firij ina jin rawarsa har cikin haƙorana, ina tuna fitilar nan da ta ƙi mutuwa. Ina cikin ƙirga gurbin jerin a zuci, ko na tsallake ɗaya, sai rawar ta ɗauke daga ƙarƙashin hannuna.

Ban yarda ba sai da ya sake tashi ya sake tsayawa, na ga ruwan kofin yana nan ruwa, mai sanyi, ba ko ɓawon ƙanƙara. Sannan na ce a ciro kwalaben daga randa. Muka goge musu yashi ɗaya bayan ɗaya muka jera.

Kafin magariba lokacin allurar Dudu ya yi. Inna Dudu ta ce kwalbar da suke amfani da ita ta sha zafi da yawa, za ta fasa sabuwa daga firij. Tana zuƙa tana gaya mini cewa mai sanyi ya fi cizo, shi ya sa tun da firij ya mutu yarinyar take cewa ruwa kawai ake tsira mata. Dudu ta zo ta zauna a cinyata ta ɗaga rigarta da kanta. Allura ta shiga, ta runtse ido ta matse mini yatsa. Sannan ta ɗago ta dube ni, hawaye a idonta, tana murmushi.

"Goggo, ya cije ni. Irin na da ne."